Kawuna da Kalmomi Masu Santsi

Labarin rasuwar Kawu ya same ni ina tsaye a hawa na uku na kasuwar takalma da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, riƙe da takalmin mata ƙafa ɗaya ina duba ɗinkinsa. Ƙanena ne ya kira daga Kano. Can ana fitowa daga sallar asuba, nan azahar ta gabato. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Kawu ya cika."

Na nemi kwalin kaya na zauna a kai. Mai shagon, wata Basiniya da muke kira lawban kamar yadda ake kiran duk mai shago a nan, ta leƙo fuskata tana tambaya da hannu. Sinancina bai kai na ba da labarin mutuwa ba. Kalma ɗaya ce ta zo bakina, wadda suke faɗa mana idan kaya sun ƙare. Da yake Baba take kiran Kawu, na ce mata, "Baba, meyo." Babu Baba.

Ta gane. Ta sauke ƙofar shagon zuwa rabi, ta zuba min ruwan zafi a kofi, ta zauna kusa da ni. Can sai na ji tana ƙwanƙwasa tebur da farcenta sau huɗu, tana cewa a hankali, "Bel-lis-si-mo." Haka Kawu ya koya mata, kuma shi ne kaɗai Italiyancin da ta iya.

Bayan la'asar mutane suka taru a ofishin aika kaya da ke unguwar Sanyuanli, inda Kawu yake da kujerarsa ta roba a bakin taga. Ba gawa a gabanmu, ba kabarin da za mu raka. An riga an kai shi makwancinsa a Kano kafin mu gama taruwa. Ni ce jininsa a garin nan, don haka ni aka zo yi wa gaisuwa. Mata muka zauna a ɗakin ciki tsakanin buhunan kaya, maza suka cika baranda. Wani ɗan Maraɗi mai sayen yadi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Ni yanzu wa zan riƙa tsokana? Shekara nawa ina ce masa Italiyanci Faransanci ne da aka sa wa wutsiya, bai taɓa barin maganar ta wuce ba."

Aminin Kawu, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da kowa ke kira Alhajin Kumasi, shi ya fi kowa kuka. Ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Jim kaɗan sai muka lura kukan ya koma dariya. Wani ya tambaye shi lafiya, ya ce, "Takalman nan na tuna." Duk wanda ya san labarin sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Kafin magariba dariya ta fi hawaye yawa a ofishin. Malamin da ya ja mana addu'a ya ce ba laifi, mutumin da ya bar wa jama'a abin murmushi ya bar abu mai kyau.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne jikokinsa na Kano. Su abin da suka sani, wani tsoho ne da ke zuwa da alewar China duk shekara ya kwanta barcin rana a falo. Ina so su san wanda muka sani.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba, sai Uwata. A majemar Kano ya tashi, hannunsa har ya tsufa bai rabu da kaushin jima ba. Fata ce ta kai shi Italiya. Wani Bature da ke sayen fatun akuya ya ga yadda yake gane fata mai kyau da taɓawa kawai, ya yi masa hanya, ya yi shekara goma sha huɗu yana aiki a wata masana'antar fata a arewacin ƙasar. Da kasuwa ta juyo gabas shi ma ya juyo, ya zauna a Guangzhou yana duba wa 'yan kasuwarmu takalma da jakunkuna kafin a loda su a kwantena. Bai yi makarantar boko mai zurfi ba. Italiyancinsa a bakin ma'aikata ya tsince shi, sai wata tsohuwar malamar makaranta da ya yi haya a gidanta, wadda ta ɗora masa karatu duk ranar Lahadi don ta ce ba za ta zauna da mai karya mata harshe a gida ba.

Lokacin da na fara zuwa saro takalman mata, ban san gabas ba ban san yamma ba. Kullum da safe zan tarar da shi a bakin ƙofar fita ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, da 'yar lemarsa, yana jirana. A rana ta uku ya ce, "Uwata, akwai matsala. Masu shagunan nan suna jin Turanci, wasunsu har Hausa sun fara tsinta. Jiya da kika ce min takalmin ya yi kyau, kin ga yadda idon mutumin ya buɗe? Daga yau idan za mu yi shawara a gabansu, da Italiyanci za mu yi."

Na ce, "Kawu, ni da ban gama da Turanci ba?"

Ya ce, "Ba harshen duka za ki koya ba. Sifofi kawai. Mai taushi, mai ƙwari, mai tsada, mara nauyi. Ɗan kasuwa ba ya bukatar fiye da haka."

Haka makaranta ta buɗe a kan teburin wani gidan abincin Musulmin China, tsakanin kwanukan taliya. Yana da zoben azurfa a hannun dama, da shi yake ƙwanƙwasa tebur, gaɓa ɗaya bugu ɗaya. Darasin farko a kan baƙi biyu masu kama ɗaya ne idan sun haɗu a tsakiyar kalma. Ya ce a raba su, ɗaya ya rufe gaɓar farko, ɗaya ya buɗe ta biyu: bel-lo, mai kyau, pic-co-lo, ƙarami. Ya ce, "Wannan Bahaushe ba shi da uzuri a kansa. Turawan Ingila ne ke shan wahala. Ke da kika san bambancin baba da babba, me zai hana ki raba ro-sa da ros-sa?" Ta farko ruwan hoda ce, ta biyu ja. Ya ce ya taɓa ganin an rina fata tuli guda da launin da ba shi aka nema ba, don wani ya yi rowar harafi ɗaya a waya.

Inda na sha wuya shi ne wurin da ake danna murya. Yawancin kalmominsu, in ji shi, a gaɓar kusa da ƙarshe ake dannawa: ro-BU-sto, mai ƙwari; e-le-GAN-te, mai tsari. Na riƙe wannan da kyau, har na fara jin kaina. Rannan a wani shagon jakunkuna na shafa wata jaka, na juya na ce masa da ƙarfin gwiwa, "Kawu, mor-BI-do."

Ya ajiye jakar da ke hannunsa kamar na zage shi. Mai shago yana tsaye da na'urar lissafi yana jiran mu yi magana, amma Kawu ya manta da shi.

"MOR-bi-do," in ji shi. "Ki taka ta farko da ƙarfi, sauran biyun ki bar su su zame. Su da kansu kalmomi masu santsi suke kiran irin waɗannan. Kamar kin taka ɓawon ayaba ne. MOR-bi-do. CO-mo-do. PIC-co-lo. Maimaita."

Na maimaita sau biyar a tsakiyar shago. Mai shagon ya ɗauka faɗa muke yi a kan jakarsa, sai ya fara sassauto da farashi da kansa ba wanda ya roƙe shi. Da muka fito Kawu ya ce, "Kin gani? Ilimi ba ya faɗuwa ƙasa banza."

Akwai kalmar da yake ji da ita, yana fito da ita duk lokacin da wani ya ce wannan danne-dannen ɓata lokaci ne. Zai rubuta leggere a takarda ya tura maka. Idan ka ce LEG-ge-re, karatu kake nufi. Idan ka ce leg-GE-re, kana nufin takalma marasa nauyi. Rubutu ɗaya ne. Sai ya ce, "Mu ma haka muke. Rubuta gari ka ba baƙo, ka ga ko zai san na zama ne ko na tuwo."

Ginin kalma kuwa da ɗinkin takalmi yake kwatanta shi. Akwai tafin, sai abin da ka ɗinka a gaba, sai abin da ka ɗinka a baya. Costo shi ne farashi, ka ɗinka masa wutsiya ya zama co-STO-so, mai tsada. Lavare wankewa ne, la-VA-bi-le mai wankuwa. Idan abu ya kai maƙura sai a sa masa issimo, kuma duk kalmar da ta samu wannan wutsiya ta zama mai santsi: bel-LIS-si-mo. Amma wanda ya fi gargaɗina a kansa shi ne harafin s idan ya zo a gaba. Ya ce ɗan ƙaramin abu ne mai juya magana. Comodo mai daɗin sawa ne, scomodo mai takura ƙafa. Harshena ya ƙi wannan haɗin, kullum sai na ce sukomodo. Yakan ce, "Uwata, wa ya gayyaci u ɗin nan? Kore ta."

Ba zan ɓoye ba, wani lokaci abin yana isar mutane. Kasuwannin fata da na takalma a Guangzhou cike suke da alluna masu sunayen da aka ƙaga don su yi kama da na Italiya. Kawu ba ya iya wuce kuskure. Muna sauri za mu kama mota, sai ya tsaya, ya shiga shagon da ba ruwansa da shi, ya yi gaisuwarsu ta nihau, ya ja mai shago waje ya nuna masa inda harafi ya ɓace. Wasu su kore shi da hannu, wasu su ba shi shayi. Ta haka ya saba da lawban ɗin da ta zauna da ni ranar rasuwarsa.

Yana da labarin da ba ya gajiya da bayarwa, na wani abokin aikinsa Bafulatani mai suna Bello. Ranar da suka fara aiki, shugabar sashe ta tambayi sunansa, ya ce Bello. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ta gani, amma sunansa take tambaya. Sau uku ana haka. Kawu yakan ce mutumin ya yi shekara tara ana kiransa kyakkyawa safe da yamma, har ya dawo gida ya kasa sabawa da rashin yabo.

Sai maganar takalman Alhajin Kumasi. Shi da Kawu sun fi shekara goma suna cin abinci a tebur ɗaya. Wata shekara Alhaji ya sa aka yi masa takalman maza masu yawa, yana so ya fito da tambarinsa na kansa. Ya zo ya ce Kawu ya zaɓa masa suna na Italiyanci, kuma a rubuta a ƙasa cewa a Italiya aka yi su.

Kawu ya ce, "Suna zan ba ka, goma ma idan kana so. Amma layin ƙasan nan ba da ni ba. Na san mutumin da ya ɗinka takalman nan, jiya na sha shayi da shi. Bai taɓa ganin Italiya ba."

Alhaji ya ce, "Kowa haka yake yi a kasuwar nan."

"To je wurin kowa ya ba ka suna."

Alhaji ya tashi ransa a ɓace. A kan teburin akwai takardar darasina ta ranar, inda Kawu ya jera min kalmomi. Da zai fita ya ɗauke ta ba mu lura ba. Ya je ya duba, ya zaɓi wadda ta fi kowace tsawo da cika ido, ya kai masana'anta aka buga ta da ruwan zinare a cikin kowane takalmi da jikin kowane kwali, har da layin nan na cewa a Italiya aka yi su.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gidan abinci ya cika, Alhaji ya shigo da kwali ɗaya ya ajiye a gaban Kawu. Ya ce, "Ga shi, ba da taimakonka ba." Kawu ya sa tabarau ya karanta. Scomodissimo. Mai matuƙar takura ƙafa.

Ban taɓa ganin Kawu ya yi dariya irin ta ranar ba. Hularsa ta faɗi cikin miya. Da ya samu numfashi ya fassara wa jama'a, gidan abincin gaba ɗaya ya ɗauka. Alhaji ya tattara kwalinsa ya fita.

Mako uku ba sa magana. Abin dariyar shi ne ba wanda ya yarda ya bar teburin, don haka suna zaune kusa da juna, ni ce a tsakiya. Alhaji ya ce, "Hajiya, gaya wa kawunki ya miƙo barkono." Kawu ya ce, "Uwata, gaya masa ga shi nan gaban hancinsa." Amma abin ba wasa ba ne. Kayan suna jiran a loda su, kuma Kumasi cike take da mutanen da suka yi zaman Italiya, masu dawowa gida hutu. Mutum ɗaya ya karanta kwalin a kasuwa ya isa a mai da Alhaji abin nuni har ƙarshen rayuwarsa. Shi kuma ya kafe cewa Kawu ne ya ƙaga fassarar don hassada.

Wata safiya na tarar da Kawu a bakin jirgi ba fara'a. Ya ce, "Uwata, maganata gaskiya ce, amma dariyar da na yi masa a gaban mutane laifi ce. Da na ja shi gefe. Yau ba za mu kasuwa ba."

Muka shiga mota zuwa masana'antar da ke bayan gari. Da guntun Sinancinsa da zane a takarda ya yi wa mai masana'antar bayani. Suka yi ta gwaji har aka samu dabara: a buga 'yar tauraruwar zinare a kan harafin farko ta rufe shi. Abin da ya rage shi ne comodissimo, mai matuƙar daɗin sawa. Layin ƙasa kuma aka shafe shi da zanen igiya. Kwana biyu Kawu yana tsaye a kan ma'aikata yana duba takalma ƙafa-ƙafa da kwalaye ɗaya-ɗaya, da ciwon gwiwarsa, kada wani s ya tsira.

Ya ɗauko ƙafa ɗaya ya kai wa Alhaji har masauki. Ya ce, "Na zo ba ka haƙuri a kan dariya. A kan sauran ban zo ba."

Alhaji ya juya takalmin ya ga tauraruwa, ya ga layinsa ya ɓace. Sannan ya ce, "Kai mugun mutum ne."

Kawu ya ce, "Cat-ti-VIS-si-mo ake cewa. T biyu, s biyu."

Takalman sun tafi Kumasi sun karɓu, har yau da tauraruwar ake yin su.

A shekarar da ta wuce ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya idan ya hau matakala. 'Ya'yansa suka matsa ya dawo gida. Ranar da zai tafi ya bi shaguna yana sallama, yana ce wa kowa sheshe, wato na gode, har waɗanda suka taɓa korarsa. Ya bar min lemarsa, ya ce ruwan Guangzhou ba ya sanarwa. Wata bakwai ya yi a Kano, na ƙarshen a asibiti.

Kwana uku bayan rasuwar na kira matarsa, Hajiya, don in yi mata gaisuwa a natse. Ita ba ta taɓa zuwa Italiya ko China ba. Ta riƙe gida da yara duk tsawon shekarun nan, shi yana zuwa yana komawa. Irin mutanen da ne, ban taɓa jin ɗayansu ya kira sunan ɗaya ba. Bayan mun yi addu'a ta ce, "'Yar nan, dama ina son tambayarki wani abu. A asibiti akwai kalmar da yake ta faɗa. Na ɗauka sunan magani ne, na tambayi ma'aikaciyar jinya ta ce ba su da shi. Sai na ce ko zafin ciwo ne."

Na ce, "Me yake cewa, Hajiya?"

"Wai janti lisima. Ko jantili sima."

Na gane ta nan take. Gen-ti-LIS-si-ma. Na ce, "Yaushe yake faɗa?"

"In na ba shi ruwa. Ko in na gyara masa matashi."

Na ce mata ba magani ba ne, kuma hankalinsa ƙalau yake. Ma'anarta mai matuƙar kirki.

Ta ce, "To ai da babban yaron nan yake. Shi ke ɗaga shi yana kwantar da shi."

Na ce, "Hajiya, ki tuna da kyau. Da mo yake ƙarewa ko da ma?"

"Da ma."

"To sifofinsu kamar namu ne, suna raba namiji da mace, kamar fari da fara. Da namiji yake nufi, mo zai ce. Da ke yake."

Na ji ta ja numfashi. Na ɗauka kuka za ta yi, sai na ji 'yar dariya. Ta ce, "Shekara arba'in da biyu. Duk Hausar da Allah ya ba shi, sai da ya ara a wurin Turawa." Can ta ce, "Sake faɗa min a hankali, in riƙe."

Na raba mata ita gaɓa-gaɓa, tana bina. A karo na uku ta danna inda ya kamata.

Allah ya yalwata wa Kawu makwancinsa, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya ba Hajiya da mu juriyar rashinsa. Amin.